Na Ce Mata Ba A Yi Wa Allah Tambaya

Gwaggo, don Allah ki taimake ni, ruwa ya ƙare wa ɗan kada. Ni malama ce a wata makarantar coci. Kimiyya na karanta, amma saboda ƙarancin malamai aka haɗa mini da darasin addini. Ranar Litinin in koyar da ƙwayoyin cuta, ranar Laraba in koyar da bangaskiya, a aji ɗaya, ga yara ɗaya. Ban taɓa ganin abin damuwa a ciki ba.

Akwai wata yarinya da 'yan ajin ke kira Lauya, don ba a gama magana ba ta ɗaga hannu ba. Mahaifiyarta ta kwanta ciwo, muka riƙa yi mata addu'a kowace safiya. Ni da bakina na ce wa yaran duk wanda ya roƙa da bangaskiya zai samu. To, matar ta rasu.

Da Lauya ta dawo makaranta bayan zaman makoki, ina tsakiyar zana hoton huhu a allo sai ta ɗaga hannu. Ta ce ranar Litinin na ce cuta tana da hanyarta, in ta fi ƙarfin magani sai mutuwa, ranar Laraba kuma na ce bangaskiya tana warkarwa. Wai in gaya mata wanne ya kashe mamarta, cutar ce ko ƙarancin bangaskiyarta ita Lauya. Gwaggo, allin hannuna har karyewa ya yi. Yara suka yi tsuru-tsuru suna kallona. Sai na ji bakina ya ce ba a yi wa Allah tambaya, ta zauna.

Tun daga nan ko uffan ba ta ƙara cewa ba. Jarrabawa kuwa tana cinye ta duka darussan biyu, abin da na faɗa shi take mayar mini, kamar mai mayar da kwanon aro. Lokacin addu'a idonta a buɗe, tana kallon taga. Babanta, tela ne, ya zo har makaranta yana yi mini godiya wai na riƙe masa 'ya. Na rasa inda zan sa kaina.

Na kai wa shugaban makaranta kuka, ya ce in dai gama manhaja. Maigidana ya yi dariya, wai falsafa ba ta cika tukunya. Wata abokiyar aikina ta ara mini littafi a kan tushen abin da muka gaskata, yana nan ƙarƙashin takardun jarrabawa, na kasa buɗe shi. Tsoro nake ji. Ina tsoron in tona in tarar ba komai a ƙasa, ni da nake cikin coci tun ina goye. Ga shi ƙarshen zangon nan yarinyar za ta gama ta tafi. Idan ta tafi da wannan shirun, ni na kashe mata bangaskiya ke nan?

Malamar da ta rasa amsa

*

'Yata, ja numfashi tukuna. Ba ke kika kashe uwar ba, ba kuma ke kaɗai ke riƙe da zuciyar yarinyar nan ba. An koya miki abin da za ki gaskata, ba a koya miki dalilinsa ba, sannan aka miƙa miki aji. Wannan ba laifinki ba ne.

Amma ba zan shafa miki mai a baki ba: kin yi kuskure. Marainiya ce take tambaya ko ita ta jawo mutuwar uwarta, ba gardama ta zo yi ba. Alkawarin da kika yi wa yaran ma ya wuce gona da iri. Addu'a ba makunnin lantarki ba ce.

Falsafar da maigidanki ke yi wa dariya ba wani dodo ba ce. Tambayoyi ne irin su: daga ina duniya ta fito, ta yaya muke sanin gaskiya, me ya sa ake shan wahala. Bangaskiyarki ta daɗe tana fama da su. Tana cewa Wanda ya yi duniya shi ya sa mata tsari, don haka ne ma ake iya nazarin cuta a haɗa magani. Ke nan darussanki biyu ba abokan gaba ba ne, ke ce ba ki taɓa zaunar da su wuri ɗaya ba. Malamin da bai yi wannan aikin ba, ranar da yaro ya matsa shi tsawa kawai zai iya.

Ciro littafin nan. Ki karanta kaɗan-kaɗan tare da wadda ta ara miki, ku nemi fasto ko dattijuwar da tambaya ba ta firgita ta. Ba na miki alkawarin ba za ki girgiza ba, wasu tambayoyin ma ba za ki sami ƙarshensu ba. Amma gara ki girgiza a kan kujerarki da ki sake rushewa a gaban yara.

Yarinyar kuwa kada ki jira sai kin gama karatu. Gobe ki kira ta gefe, ba a gaban aji ba. Ki ba ta haƙuri, ki ce tambayarta mai kyau ce, ke ce kika tsorata. Inda ba ki sani ba ki ce ba ki sani ba. Amma abu ɗaya ki faɗa ba kwana-kwana: ba ƙarancin bangaskiyarta ne ya kashe mamarta ba. Ko ba ta amsa ba, ko ta ɗauke kai, ki tabbata ta ji wannan daga bakinki kafin ta bar makarantar.

Allah ya ba ki ƙarfin zuciya, ya sanyaya ran marainiyar nan.

Gwaggonku