Fallen da na jiƙa daga Alƙur'anin Babanmu

Assalamu alaikum mai kula da wannan shafi, da duk wanda zai karanta. Don Allah a sakaya sunana. Ku yi haƙuri da rubutuna, da furfurata na shiga makarantar manya, hannuna bai gama faɗawa ba. Wanda zai zage ni ya daure ya kai ƙarshe tukuna.

Ni baduku ne a nan Tamale, takalma da jaka nake ɗinkawa. Babanmu, Allah ya jiƙansa, ya rubuta Alƙur'ani cikakke da hannunsa, da ka, ba ya duba wani littafi. Da wannan aka san shi a unguwar Nyanshegu, har gobe in aka ambace shi sai a ce mutumin da bai taɓa tsallake ko wasali ba. Duk 'ya'yansa sun yi karatu ban da ni. Kaina bai ɗauka ba, sai ya kai ni wajen masu aikin fata, kuma bai taɓa goranta min ba. Da ya rasu, littafin ya koma hannun babban wanmu, wanda muke kira Yaya.

Bara da damina Yaya ya kawo min shi a kan moto, wato babur, wai gafakarsa ta tsufa, in ɗinka sabuwa. Irin wannan Alƙur'ani ba a ɗinke yake ba, falle-falle ne, a jere a cikin gafaka. Yana miƙo min yana dariya ya ce, "Ka wanke hannu fa, malam baduku, wannan ba silifas ba ne." Na ce, "To in ba ka yarda da ni ba, kai ka ɗinka da carbinka."

A kwanakin matata ta kwanta. Zazzaɓi ne ya hau mata kai. Mun je asibiti, an ba da magani, mun dawo, amma ta kai ba ta gane ni, tana kirana da sunan ƙanenta da ya rasu. Ranar da abin ya tsananta, da rana tsaka, ruwa kamar da bakin ƙwarya, na aika a kira malami ya yi mata rubutun sha, aka ce ya tafi ƙauye. Na tsaya a ɗaki, ga ta tana karkarwa, ga rubutun Baba a kan akwati. Me ya shiga kaina? Cewa na yi, wane rubutu ne zai fi na Baba? Na zaro falle ɗaya daga tsakiya, ban ma san wace sura ba ce, don a lokacin ko alif ban sani ba. Na saka shi a ƙwarya. Jan wasalin ne ya fara tashi, sannan baƙin, sannan takardar kanta ta narke a yatsuna kamar tuwo. Na tace na ɗura mata.

Ta tashi. Maganin asibiti ne ko rubutun, Allah kaɗai ya sani. Ita ba ta san abin da ta sha ba. Na ɗinke gafaka na mayar wa Yaya, ya juya ta ya ce, "Kai, ashe kana da amfani."

Tun daga ranar ƙamshin tawadar nan bai bar hancina ba. Ina cikin yankan fata sai in ji shi, in ji kamar tarin Baba a bayana, irin wanda yake yi kafin ya tsoma alƙalami. Shi ya sa na shiga makarantar manya a Sagnarigu, inda ake koya mana boko da baƙaƙen Larabci. Mutane na cewa na yi himma. Ba himma ba ce, so nake in san abin da na narkar. Wata rana malaminmu, don ya ƙarfafa mana gwiwa, ya ce a addinin Yahudawa wajibi ne mutum ya rubuta littafinsu mai tsarki, wanda bai iya ba ana kama masa hannu ya cike ko harafi ɗaya, kuma in harafi ɗaya ya ɓace ba a karatu da littafin a jam'i sai an gyara. 'Yan aji suka yi ta mamaki. Ni fita na yi na zauna a bayan ajin. Harafi ɗaya ke nan. Ni fa?

Ga abin da ya sa na rubuto. Idon Yaya ya fara mutuwa, sai ya yi niyyar ba masallacin unguwa littafin, ladan karatunsa ya riƙa kai wa Baba. Kafin nan yana bin sa falle-falle da tabarau. Satin da ya wuce ya kira ni, ya kori yara, ya rufe ƙofa. A ƙasan kowane falle Baba yakan rubuta kalmar da falle na gaba zai fara da ita. Yaya ya ɗora yatsa a kan wata, ya ɗora a kan fallen da ke biye, ya ce, "Ba su haɗu ba." Ya ƙara da cewa, "Na duba akwati, na duba tsohuwar gafaka. Littafin nan bai taɓa fita hannuna ba sai zuwa naka, kai kuwa me za ka yi da takarda? Baba ne ya tsallake. Tsufa ne ya kama shi bai sani ba." Sai ya fashe da kuka, dattijo mai jikoki. Ya kama hannuna ya ce, "Ɗan uwa, mu rufa wa tsohon nan asiri. Ko matarka kada ta ji."

Bakina ya buɗe, wallahi ya buɗe, amma abin da ya fito shi ne, "To, Yaya."

Sannan ya ce, "Idona ba zai iya ba. Kai da ka fara karatu, ni in riƙa karanto maka, kai kana rubutawa, ko za mu yi wata shida. Ka ga ikon Allah? Wanda bai yi karatu ba shi zai cike wa Baba." Har ya sayo takarda, ya fere min alƙalami da hannunsa.

Jama'a, ta yaya zan zauna a gabansa yana sa min albarka? In na yi shiru, Yaya zai shiga kabari yana ganin Baba ya yi kuskuren da bai yi ba. In na faɗa, matata za ta san abin da ke cikinta, kuma na san halinta, ba za ta yafe wa kanta ba. Abin da ya fi tsorata ni, in na zo tuba sai in kalle ta tana shanya a tsakar gida, in ji a raina da za a maimaita ranar da na sake zarowa. Wannan tuba ce?

Ranar Asabar Yaya ya ce in zo da alwala mu fara. In faɗa masa kafin in tsoma alƙalamin, ko in rubuta in bar Baba da laifina? Don girman Allah, me zan yi?