Daddawa, Buta da Takardar Haya a Bron

Ranka ya daɗe Malam Illiassou, don Allah a taimake ni kafin ƙarshen wata.

Ni ƴar Damagaram ce, ina karatu a jami'ar Bron, gefen Lyon. Mu uku ne a gida: ni, da Heather ƴar Kanada wadda takardar haya ke da sunanta, da Siew Hong ƴar Singafo. Ranar 31 ga Janairun nan na 1986 za a sabunta takardar, har yau ban sani ba ko sunana zai shiga. In bai shiga ba, ban da inda zan kai akwatina cikin wannan sanyi, ga jarrabawa ta matso.

Abin ya faro daga daddawar da innata ta aiko. Ranar da na fara kaɗa miyar kuka, Heather ta shigo madafa, ta ba ni haƙuri sau uku ban san laifin da ta yi ba, ta ce ba ta taɓa jin ƙanshi mai ƙarfi haka ba, ta buɗe taga. Na ji daɗi, na ƙara daddawa, har na zuba mata. Ta cinye tana godiya. Siew Hong kuwa sai ta kawo mini kyautar gwangwani mai murfin roba. Na zuba ƴan kunnena a ciki.

Yanzu ƴan takardun ban-haƙurin Heather sun cika jikin firigo, wato firji. Na tayar da zancen haya, Heather ta ce ya kamata mu zauna wata rana. Siew Hong ta ce za ta duba, sai ga ƙawarta a cikin bis, motar haya, tana tambayata ko ɗakunan ɗalibai ba su burge ni ba. Ni ma wata uku ke nan Heather na ban-ruwan furanninta da butar alwalata, kullum ina ce mata ba komai, in shiga ɗaki in yi kuka. Korata ake yi, Malam?

Mai Akwati a Ɗaure, Bron

Ƴata,

Ƙararki ta iso fadarmu ta Montreuil, hawa na biyar, mun kuma nazarce ta da natsuwar da ta cancanci rikicin nahiyoyi uku a madafa ɗaya.

Ƴan Kanada da muka zauna da su a Paris, in sun ƙi abu, sukan naɗe ƙin cikin ban-haƙuri har ka rasa bakinsa. Amma in ka tambaye su ku biyu, za su faɗa, suna gumi. Mutanen Singafo kuwa sun fi tsoron kunyata ka da tsoron wari, shi ya sa aka aiko gwangwani, aka biyo da ƙawa, yadda mu muke aika gwaggo. Suna da uzuri: daddawa a gida mai rufaffun tagogi jarrabawa ce. Kina da hakki: ba a barin mutum cikin duhu a kan makwancinsa. Sai dai mai cewa ba komai wata uku tana kuka ba ta da bakin zargin kowa da kewaye-kewaye.

Ga hukuncinmu. Yau ki kwashe ƴan kunnen, ki zuba daddawar a gwangwani, ki ajiye inda Siew Hong za ta gani, ki yi mata godiya ke da ita, ban da tambaya. Gobe ki sa wa Heather lokaci, ki tambaye ta ko sunanki zai shiga, ki yi shiru har ban-haƙurin ya ƙare amsa ta fito. A zaman nan ki faɗa mata aikin butar. Mun tabbata sai ta kusa suma don kunya. Ki kuma rubuta sunanki a ofishin ɗakunan ɗalibai, don ko-ta-kwana.

Zatonmu mai girma shi ne daddawa ake kora, ba ke ba; wadda ake shirin sallama ba a saya mata gwangwani.

Allah ya sa sunanki ya shiga, ya ba ki nasarar jarrabawa. In kuma daddawar ce ta rasa masauki, adireshinmu na saman shafi.

Malam Illiassou