Layi Biyu da Na Ƙara a Takardar Babanka

Zuwa ga Autana,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Ina fata wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da abokan zamanka. Kullum da safe, kafin in ɗora ruwa a wuta, sai na ambace ka cikin addu'a: Allah ya tsare ka a wurin aiki, ya ba ka ci da barci, ya raba ka da tarin nan da na ji a muryarka ranar da muka yi waya. Mu nan lafiya lau, sai godiya. Gwiwata ce dai take ƙorafi in zan hau matakala. Yayarka ta koma bakin aikinta, 'yarta kuma ta fara tafiya, tana bin bango tana janyo mini labule. Shagon babanka yana rufe tun rasuwarsa, wata biyar ke nan. Nakan buɗe in share, amma dusar katako ba ta ƙarewa, duk inda na taɓa sai ta fito.

Ka yi haƙuri da rubutuna, ka san sai da na yi furfura na fara riƙe fensir a ajin karatun mata na coci. Da na kira ka a waya da ya fi sauƙi, amma na gwada sau uku, da na ji muryarka sai in ɓuge da tambayar ko ka ci abinci. Takarda ba ta katse ni, ba ta kuma ce mini "Mama, bar kuka."

Na karanta wasiƙarka har ta fara yagewa a wurin ninki. Ka ce tun da aka binne babanka ba ka ƙara cin Jibin Ubangiji a coci ba. Ka ce bara aka yi maka baftisma, ka san gaskiya sarai, amma da yayarka ta kira ka ta ce jikinsa ya yi tsanani, kana da hutu a hannu, ka zauna da gangan kana jira shi ya fara nemanka. Ka tambaye ni ko akwai sauran gafara ga wanda ya yi zunubi idonsa biyu bayan ya karɓi Mai Ceto. Sannan ka ce abu ɗaya ne yake riƙe da kai, wato layi biyun nan na ƙarshen wasiƙata ta bara, inda aka ce babanka ya yafe maka maganar da ka faɗa masa a shago, yana kuma sa maka albarka. Ka ce takardar tana cikin aljihun rigarka kullum. Da na kai nan, ɗana, sai da na zauna a ƙasa.

Babanka bai faɗi maganar nan ba. Ni na ƙara ta.

Bari in gaya maka yadda aka yi, kada in rage kome. Ka san shi bai iya karatu ba, kuma tun ranar da ka jefar da zarto a gaban masu sayayya ka ce ba za ka mutu cikin dusa kamar shi ba, ya daina kama sunanka. In zan rubuta maka, sai ya ce in karanta masa kafin a rufe, wai kada in yi masa roƙo a bayan idonsa. Ranar nan da hantsi ina zaune a kan bencinsa, yana kishingiɗe yana numfashi da ƙyar. Na tambaye shi ko yana da saƙo. Ya ce in rubuta cewa gida yana nan inda ka bar shi, shi ke nan. Na roƙe shi ya ƙara ko kalma ɗaya mai sanyi, ya juya fuskarsa bango. Sai na sunkuya na rubuta abin da nake so ya ce. Ba kuskure ba ne, ba kuma ruɗewa ba. Bakin fensir ya karye, na tashi na nemo reza na feƙe shi, na dawo na ci gaba. Duk lokacin da nake feƙewa zuciyata tana ce mini ƙarya ce, ni kuma ina ce mata ta yi shiru. Shekarata ashirin da shida da baftisma a ranar. Da na gama, na karanta masa har wurin "gida yana nan," na tsaya.

Har yau abin da yake ci mini rai shi ne, wataƙila ƙaryata ce ta sa ka ga babu gaggawa. Da ka san yana kwance da fushinsa, ko da ka taho da gudu? Ni na yi nufin gina gada, ban sani ba ko katanga na gina. Tun daga lokacin, in aka zagayo da farantin Jibin Ubangiji ranar Lahadi, sai in sunkuyar da kai in miƙa wa ta kusa da ni. Ka ga ashe ni da kai muna zaune a coci biyu masu nisa, kowa yana barin faranti ya wuce shi, ba wanda ya san halin ɗan'uwansa.

Da wasiƙarka ta zo, na ɗauke ta na tafi wurin tsohuwar malamarmu, wadda ta kama hannuna ta koya mini baƙaƙe. Na same ta tana tsintar wake, na faɗa mata duka. Ta daɗe tana kallona ta saman tabarau, sannan ta ce ita ba ta sha wahalar koya mini rubutu don in riƙa ƙirƙiro wa mutane magana ba, da ta sani da ta bar ni da dangwalen yatsa. Na yi dariya ina hawaye. Ba ta rage mini laifi ba ko kaɗan, ta ce zunubi ne, kuma na san shi na yi shi. Amma ta tambaye ni ko ina tsammani ranar da aka tsoma ni cikin ruwa Ubangiji bai san zan feƙe fensir ɗin nan ba. Ta ce ya sani, ya kuma karɓe ni. Ta ce wanda ya kamata ya ji tsoro shi ne wanda ya rungumi zunubinsa yana yi masa shimfiɗa, ya juya wa gicciye baya ya ce ba ya bukata. Wanda zunubinsa ya hana shi sakewa har yana kuka, wannan ɗan gida ne da ya faɗi a tsakar gida, ba a kore shi ba. Ta ce jinin Yesu bai zuba don kurakuran da ba mu sani ba kaɗai, in haka ne da ba wanda zai saura a benci, har fasto. Ta ƙare da cewa tuba ba ta cika a ɗaki: na faɗa wa Allah, saura wanda na yi wa ƙarya. Shi ya sa kake riƙe da wannan takarda.

Akwai sauran abu ɗaya, ban san yadda zan auna shi ba, don haka zan ba ka shi yadda yake. Da na gama karanta wa babanka a ranar, sai ya miƙo hannu ya ce in ba shi. Ka san idonsa, mutumin da zai kalli katako ya faɗa maka tsawonsa ba tare da awo ba. Ya bi layukan da babban yatsa ɗaya bayan ɗaya, ya ce mini takardar ta fi karatun tsawo da layi biyu. Na jira ya tambaye ni abin da ke ciki, ko ya yaga. Bai tambaya ba. Ya daɗe yana kallonta, sannan ya zaro fensir ɗinsa mai faɗi daga bayan kunne, ya yi alamar nan tasa, wadda yake yi a kan katakon da ya duba ya ga ba shi da tsaga. Ya ninke da kansa, ya ce a kai kafin a rufe gidan waya. Fito da ita daga aljihunka ka duba. Alamar tana ƙarƙashin layi biyun, ba samansu ba.

Ba zan ce maka ya yafe ba, don bai faɗa da bakinsa ba, kuma na gama sa masa magana a baki. Abin da idona ya gani ke nan. Tsakanin harshe da haƙori ma akan saɓa, kuma duk a baki ɗaya suke kwana. Amma gafarar da kake nema ba a aljihun rigarka take ba, Autana, ba kuma a hannun babanka ko nawa ba. Wanda take hannunsa ba ya bukatar wani ya ƙara masa layi. Ka faɗa wa Ubangiji abin da ka yi, ka kira laifin da sunansa, kada ka yi masa kwalliya. Ni ma ina roƙonka ka yafe mini. In ba za ka iya yanzu ba, zan jira, na iya jira. Lahadi mai zuwa, in Allah ya kai mu, zan miƙa hannu in ɗauka daga farantin. Ina roƙon Allah kai ma ka ɗauka a can.

Yayarka da mijinta suna gaishe ka. Kawunka Dogo ya ce kayan aikin suna nan ya shafa musu mai, ba mai taɓa su sai ka zo ka ga abin da za a yi. Gwaggonka mai ɗinki tana tambaya ko ka yi ƙiba. Ka gai da abokin ɗakinka da ya kai ka asibiti, Allah ya sāka masa.

Kafin in rufe, na shiga shago na zauna a kan bencin babanka, na karanta wannan takarda da ƙarfi tun daga sama har ƙasa. Wannan karon karatun da takardar tsawonsu ɗaya.

Ni ce mai yi maka addu'a kullum,
Mamarka