Tokar da Na Barbaɗa

Malawi, 14 ga Yuni

Zuwa ga Yaya Lantana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kina lafiya, ke da Malam Sabiru da yara da dukan mutanen Rawayya. Idan kin leƙa 'Yandoto ki gaishe mini da Baba da Inna.

Ina mai alfaharin shaida miki cewa na fara horon sanin makamar aiki a wata ƙungiyar manoma. An sauke ni a gidan wata dattijuwa Musulma, Mama Asiyatu, wadda mijinta ya rasu. Tuwon masara take ba ni, har ɗanta take kirana.

Maƙalar da na rubuta a Gusau kan falsafar adana wake da toka ita ta buɗe mini wannan ƙofa, kuma na riga na aiwatar da ita. Na hana Mama sayen maganin ƙwari, na zuba irin wakenta kaf cikin randa uku, na barbaɗa toka a sama, na liƙe da laka. Na yi wa maƙwabta jawabi mai gamsarwa, har suka tafa. Ki gaya wa Baba ilimi ya ɗaukaka abin da yake yi a gargajiyance.

Ƙaninki,
Zaharaddeen

Malawi, 2 ga Satumba

Yaya Lantana,

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya. Ni jikina lafiya, amma zuciyata tana cikin mummunan tashin hankali. Don Allah kada Baba ya ji wannan wasiƙa.

Shekaranjiya na fasa randa ɗaya domin in ɗauki hoton nasarata. Yaya, ƙwari ne suka taso mini a fuska. Waken duk huji, ƙasan randar gari. Na mayar da murfi, na ce wa Mama bincike yana tafiya yadda ake so.

Bil haƙiƙa, ban taɓa ganin yadda kuke yi ba. Duk shekara ina makaranta lokacin da ke da Baba kuke cika randa. Ni sai an fasa nake zuwa, in ga toka a sama, shi ne na ɗauka a sama kawai ake sa ta. Shafi goma sha biyu na rubuta a kan abin da samansa kawai na sani.

Wannan wake ba na ci ba ne, iri ne. Shi za ta shuka idan ruwa ya sauka a Disamba, kuma tun daga uwarta ta gaje shi, ba a samunsa a kasuwa. Ita ce kuma za ta sa hannu a rahoton horona, amma wallahi yanzu ba rahoton nake ji ba. Jiya ta ƙara mini kifi a miya, na bar shi a kwano don kunya.

Na tuna ranar da na ce aikinki na marasa boko ne. Ki yafe mini, ki aiko mini da saƙon murya: toka nawa, wake nawa, me ake fara yi? Ranar Juma'a zan shiga gari inda waya ke kamawa. Ki taimake ni don darajar iyayenmu.

Ƙaninki mai neman agaji,
Zaharaddeen

Malawi, 19 ga Satumba

Yaya Lantana,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ku baki ɗaya. Na ji saƙonki, har da dariyar da kika yi ƙoƙarin ɓoyewa. Ashe kwanon toka ga kwanon wake, a tankaɗe, a cuɗa sosai, bayan waken ya sha rana.

Ba a shanya wake a ɓoye, dole na gaya wa Mama gaskiya. Na shirya dogon jawabi, amma a ƙarshe sai kawai na buɗe mata randar. Ta daɗe tana kallo. Sannan da ɗan Turancinta ta ce uwarta ma da toka take ajiya, kuma tun ranar farko ta ga tawa ta yi kaɗan. Na tambaye ta me ya hana ta magana. Ta ce yadda na yi bayani, ta ɗauka jami'a ce ta gano sabon awo.

Randa biyu sun tafi. Ta ukun kwana shida muna tsincewa a kan tabarma, ƙwaya bayan ƙwaya, abin da ya tsira bai cika kwano biyu ba. Na naɗe ƙwaya ashirin a jiƙaƙƙen ƙyalle kamar yadda kika ce. Bakwai suka tsiro. Mama ta ce bakwai ma iri ne. Ba ta daina kirana ɗanta ba, kuma wannan ya fi zagi ciwo.

Yanzu ki gaya wa Baba komai. Ki roƙe shi idan an girbe waken bana ya bar mini randa ɗaya a buɗe har in dawo. Ina so in ga ƙasanta.

Ƙaninki,
Zaharaddeen