Na Yi Wa Malamina Gyara A Gaban Jama'a

Ya Fanna, don Allah ki taimake ni da shawara, abin nan ya tsaya min a rai, ko abinci ba na jin daɗinsa.

Ni shugabar wata makarantar firamare ce a Azare, bara aka ba ni. A hutun da ya wuce aka tura mu bita ta mako biyu kan yadda shugaba zai gyara koyarwa a makarantarsa. Wallahi na ƙaru. An koya mana mu riƙa shiga aji mu zauna a baya, mu kalli darasi, mu cike fom, sannan mu tara malamai a tattauna abin da aka gani. Na dawo da ɗoki, ji nake kamar a mako guda zan gyara komai.

To, cikin malamaina akwai Malam Jaji. Shi ya koyar da ni a aji ɗaya, shi ya riƙe hannuna na fara rubuta sunana, wata rana da ruwa ya tsare mu ma shi ya goya ni a kekensa har ƙofar gidanmu. Saura shekara biyu ya yi ritaya. Aji uku yake riƙe, yara saba'in da ɗoriya. Na shiga na hakimce a kujera, shi yana tsaye. Yana faɗa suna maimaitawa, ajin kamar zai tsage, amma da na ware yara biyar na nuna musu kalma ɗai-ɗai, yarinya ɗaya ce ta iya karantawa. Washegari a taron malamai na karanto fom ɗinsa tiryan-tiryan, a gaban sa'annin 'ya'yansa. Shi dai ya cire hularsa ya mayar.

Da "'yar Malam" yake kirana. Yanzu sai "ranki ya daɗe", har miƙewa yake in na shigo, ni kuwa kamar in nutse. Jiya ya ajiye min takardar neman canji zuwa Giade, wai in sa hannu kafin Litinin. Ina ƙaunar bawan Allahn nan kamar mahaifina, yaran kuma suna ba ni tausayi. In sa hannu ne, ko in yayyaga fom ɗin in manta da bitar?

Ɗalibar Malam, Azare

'Yar'uwa, kada ki sa hannu, kada kuma ki yaga fom. Abin da kika gani gaskiya ne, kuma yaran nan amana ce a wuyanki. Sai dai masu bitar ba su san Malam Jaji ba, ke kika san shi, kin kuma san a garinmu ba a yi wa babba gyara a bainar jama'a. Shi ma da nasa, don tafiya Giade cikin fushi ba za ta koya wa yaro ko baƙi ɗaya ba. Amma durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne, balle malaminki.

Ranar Asabar da hantsi ki je gidansa, ki fara gaida iyalinsa, ki zauna a tabarma. Ki ba shi haƙuri, kada ki haɗa da "amma". Sannan ki roƙe shi alfarma ɗaya: ranar Litinin ke za ki koyar da ajinsa da dabarar da kika koyo, shi ya zauna a waccan kujerar da fom a hannu ya duba ki. Yara saba'in sai sun sa ki gumi, kuma zai ga kurakuranki. Ki karɓi gyaransa a gaban malaman da suka ji nasa. Bayan nan, duk wanda kika duba, ku tattauna ku biyu.

Takardar kuwa ki mayar masa da hannu biyu, ki faɗa masa cewa hannun da ya riƙe ya koya wa rubutu ba zai iya sa hannu a kan tafiyarsa ba. Allah ya sanyaya zuciyarsa, ya buɗe wa yaran nan karatu.

Ya Fanna