Itatuwan da Aka Dasa wa Yayana

Gwaggo Mohira,

Ki yi haƙuri da na yi ƙarfin halin rubuto miki. Na san manya ne suke kawo miki kukansu, masu matsalar aure da ta gado. Ni kuwa 'yar sakandare ce a wani ƙauye kusa da Rishton, kuma maganar katako ce ta kawo ni. Don Allah ki taimake ni, kada ki yi dariya. Na sha fara wasiƙar nan ina yagewa.

A tsakar gidanmu, ƙarƙashin rumfar inabi, akwai dandamalin katako da kakana ya yi. A kansa muke shan shayi, a kansa muke cin abinci, lokacin zafi ma a kansa muke kwana. Watan jiya ƙanwar Baba ta kawo mana ziyara, tana hawa sai katakon ya fashe, ƙafarta ta zurma har gwiwa. Ba ta ji ciwo ba, amma har yau ba ta gaji da ba da labarin ba. Kafinta ya duba ya ce ƙafafun dandamalin ma sun ruɓe, sai dai a yi sabo.

Baba ya je kasuwar Kokand ya dawo da guntun wani abu wai shi katakon roba. Garin katako ake kwaɓawa da roba a zuba shi falle-falle. Mai shagon ya ce masa ba ya ruɓewa, ba ya buƙatar mai, dusar ƙanƙara ba ta yi masa komai. Baba ya ce zai sayar da maraƙinmu ya saya. Inna ta ajiye guntun a rana, da azahar ta ɗora tafin hannunta a kai, ta janye da sauri. Ta ce, "Baban Ilhom, wannan ai tanderu ka samo mana. Bari in kawo ƙullu mu gasa gurasa." Baba ya ce, "Ke dai duk abin da yake sabo sai kin raɗa masa suna. Haka kika yi wa firiji, yanzu kin fi kowa buɗe shi." Ta ce, "Ga itace can a tsaye a bakin ruwa ya fi hasumiya tsawo. A sare biyu mana." Sai Baba ya ajiye kofinsa ya ce, "Na Ilhom ne."

Ilhom yayana ne. Shekarar da aka haife shi Baba ya dasa masa jerin dogayen itatuwan nan da ake kira terak a bakin magudanar ruwan gonarmu, yadda ake yi wa kowane ɗa namiji, domin idan ya tashi aure ya samu katakon rufin ɗakinsa. Ni ba a dasa mini komai ba, kuma ban taɓa jin haushi ba. Yaya ya daɗe a Koriya yana aiki a masana'anta. Baba kan rungumi itacen da ya fi kauri, ya ga hannuwansa ba su haɗu ba, ya yi dariya ya ce wannan shi zai ɗauki rufin.

Ga abin da ban gaya wa kowa ba. Bara, ina dawowa daga makaranta, Yaya ya kira wayata. Ya ce ya yi aure a can, matar 'yar ƙasar ce, ya samu takardar zama, kuma ba zai dawo ƙauye da zama ba. Ya ce, "Ƙanwata, ke ce mai hankalin gidan nan. Ki riƙe mini, ni zan gaya musu da bakina idan lokaci ya yi." Lokacin bai yi ba har yau. Duk Juma'a yana kira, ya tambayi hawan jinin Baba, ya ce idan sanyi ya wuce yana nan tafe. Ni ce nake riƙe musu wayar.

Da a ce itatuwan za su jira, da na ci gaba da yin shiru. Amma kwanaki iska ta karya wani babban reshe, sai ga cikinsa ja, da laushi kamar gurasar da ta sha shayi. Kafintan ya gaya mana ni da Inna cewa itatuwan sun wuce lokacin sara. Ya ce idan suka ƙara sanyi biyu a tsaye, ba su da amfani sai a murhu. Baba ya ji, ya ce reshe ɗaya ne kawai.

Yanzu Baba ya ce, "Ke ce mai karatu, duba mana a waya, wanne ya fi." Yana jiran amsata kafin kasuwar Lahadi. Idan na ce na roba, na taya Yaya ƙarya, maraƙi ya tafi, itatuwan da Baba ya shayar tun yana da baƙin gashi su ruɓe a tsaye. Idan na ce na itace, zai tambaye ni da me Ilhom zai yi rufi, ni kuma ban iya ƙarya da ido a buɗe ba. Ban ga hanya ba, Gwaggo. Karatu ba ya shiga. Ranar da malamar kimiyya ta ambaci roba a aji sai hankalina ya koma gida. Ina ji a jikina ko wanne aka zaɓa, ba za mu sake zama a kai yadda muka saba ba.

Idan ban takura miki ba, ko za ki yarda in sake rubuto miki? Ba ni da wanda zan gaya wa.

Ƙanwar mai itatuwa

*

'Yata,

Ban yi dariya ba, sai dai wajen ƙafar gwaggonki.

Bari mu fara da katakon, tunda shi aka tambaye ki. Mai shago bai yi ƙarya ba: na roba yana daɗewa kuma ba ya son hidima. Innarki ma ba ta yi ƙarya ba: yana ɗaukar zafi, duk da inuwar inabi da shimfiɗa za su rage. Terak kuma yana da sanyin zama amma yana shan ruwa. Sai an sare shi bayan ganye ya zube, an busar da shi a ƙarƙashin rufi, an ɗora ƙafafun dandamalin a kan dutse, ana shafa masa mai duk shekara. Wannan duka za ki iya gaya wa Babanki ba tare da ƙarya ko ɗaya ba. Ki ƙara da roƙo guda: kada ya sayar da maraƙin kafin ganye ya zube. Ku shimfiɗa darduma a ƙasa bana, ba wanda zai mutu.

Sauran maganar ba taki ba ce. Ban ɗauki yayanki mugu ba. Tsoro yake ji, ya san abin da labarin zai yi wa mahaifinsa, kuma daga nesa jinkiri yana kama da tausayi. Amma ya ɗora wa yarinya kayan da shi babba ya kasa ɗauka, wannan kuwa bai kyauta ba. Ki ɗauki hoton reshen nan da ya ruɓe ki aika masa. Ki gaya masa abin da kafinta ya ce. Sannan ki ce masa cikin ladabi, ya kira su kafin lokacin sara, domin daga yau idan aka tambaye ki, ba za ki ƙara rufewa ba. Wannan ba cin amana ba ne, kin sanar da shi tun da wuri.

Ki kuma lura da Innarki. Matar da take sa ran ɗanta zai dawo ya yi gini, da wuya ta ce a sare masa itace. Ina zaton ta daɗe da ganewa, tana jiran wanda zai fara furtawa. Wataƙila ba ke kaɗai kike cikin shirun nan ba.

Ba zan yi miki alkawarin daɗi ba. Babanki zai ji ciwo sosai, mai yiwuwa ya daɗe bai karɓi wayar Juma'a ba, kuma gaskiyarki ne, zaman ba zai koma yadda yake ba. Amma itacen da ya zama dandamali yana nan a gidan, wata rana ɗan Ilhom yana iya zuwa ya zauna a kai. Wanda ya ruɓe a tsaye hayaƙi kawai zai zama.

Terak daga reshe yake tsiro. Ranar da aka sare, ki zaɓi lafiyayyen reshe ɗaya ki adana, idan ƙasa ta yi ɗumi ki soka shi a bakin ruwan. Wannan naki ne.

Ki rubuto duk lokacin da kika so. Allah ya sanyaya zuciyar Babanki, ya ba yayanki ƙarfin hali, ke kuma ki koma ga littattafanki.

Gwaggo Mohira