Saura Mutum Ɗaya

Bunguɗu,
14 ga Nuwamba, 1999.

Inna,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Yesu. Yaya ƙafar taki? Yaya Baba da su Iliya da mutanen Wusasa?

Saƙonki ya iso, cewa in bar aikin ungozoma in dawo gida. Ki kwantar da hankalinki, ba wanda ya taɓa ni. Sai dai tun da aka yi shelar shari'a a Gusau, gida uku a ikilisiyarmu sun kwashe sun tafi. Ko Littafi Mai Tsarki zan fita da shi, sai na yi addu'a: in riƙe a hannu, ko in sa a jaka?

Ran Talata na ɗaure kaya, na shiga motar Zariya a tashar Gusau. Na ce, "Ubangiji, in ta cika, na san ka sallame ni." Ɗan kamasho na ta kiran saura mutum ɗaya, sai ga maƙwabcina Malam Sabiru a kan mashin, ya biyo ni tun daga Bunguɗu. Ya ce, "Sista, matata na naƙuda, ta ce ba mai taɓa ta sai ke."

Inna, na sauka. Namiji ta haifa.

Ban sani ba ko amsar Ubangiji ke nan, ko tausayina ne kawai. Ki sa zumuntar mata su yi mini addu'a. Jakar kayana tana nan bayan ƙofa. Ban kwance ta ba, ban kuma sake ɗaukarta ba.

'Yarki,
Briskila